Sunayen Iska a Bakin Tabkin Kainji da Rabe-raben Guguwar Teku

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Kogin Kwara ya faɗaɗa ya zama tabki mai tsawon fiye da kilomita 130, har zuwa kusa da Yelwa ta Yawuri. Masunta da matuƙan jirage na Yawuri da Ngaski da Shanga, waɗanda suka saba da kogi da tsibirai, sai ga su bisa ruwa mai faɗi, inda iska ke samun filin ta da igiya, ga kuma kututturan itatuwa ɓoye a ƙarƙashi. Saboda haka sanin irin iskar da ke tafe ya zama maganar rai.

Bahaushe yana raba iska bisa ga lokacinta da abin da ta zo da shi. Hadari shi ne baƙin girgije da ke haɗowa, galibi daga gabas, iska a gaba, ruwa a baya; iskarsa ta fi tsanani a farkon damina da ƙarshenta, tana kuwa lafawa cikin marka. Idan iska ta taso da ƙura, sa'an nan hadarin ya watse ba ko ɗigo, wannan shi ne holoƙo, wanda ake wa kirari da hadarin kaka. Guguwa kuwa ita ce mai juyawa a tsaye cikin zafin rani da bazara, ta kwashi yayi ta mutu cikin 'yan mintoci.

Masu binciken yanayi su da gudun iska suke awo. A 1805 Francis Beaufort, wani hafsan jiragen ruwan Ingila, ya tsara ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 12. A Tekun Atlantika lokacin manyan iskoki yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, wata cibiya a Miami ta Amurka tana bin sawun kowace da tauraron ɗan'adam da jirgin sama. Iskar da ta kai kilomita 63 a awa akan raɗa mata suna. Tun 1953 sunayen mata ake sawa, aka ƙara na maza a 1979. In ta kai 119 ta shiga sahun manya, waɗanda ma'aunin Saffir da Simpson ya kasa aji biyar, na biyar daga kilomita 252.

Akwai dangantaka tsakanin waɗannan iskoki da hadarin Yawuri. Cikin damina, bayan kowane kwana uku zuwa biyar, wani lanƙwaso yakan bi iskar gabas ya ratsa Afirka ta Yamma yana tattara hadari, har ya faɗa teku wajen Senegal da tsibiran Kef Bade. Yawancinsu a nan suke mutuwa. Amma wanda ya tarar da ruwa mai ɗumin awo 26 ko fiye yana iya fara juyawa, kuma mafi yawan iskoki masu tsananin ƙarfi na Atlantika daga nan suke tasowa.

To, ga inda matsalar harshe take. Gidajen rediyo suna kiran iskar teku mahaukaciyar guguwa. Ta wajen juyawa sunan ya dace, amma guguwar Bahaushe faɗinta 'yan taku ne, ita kuwa waccan ɗaruruwan kilomita, tana kwanaki bisa ruwa. Abin tsoro shi ne kalmar ta mamaye kowace irin iska, har a gargaɗi matuƙin jirgi a Wara da guguwa alhali iskar hadari ake nufi, wadda ita ce ke kifar da jirgi.

Saboda haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibai hadari da holoƙo da guguwa kowanne da ma'anarsa, su kuma sa su tattaro sunayen iska da na igiyar ruwa daga bakin Sarkawa da Gungawa, tare da watan da kowace ke zuwa.