Bikin Rubutacciyar Waƙa a Ƙaramin Gari: Misali Daga Struga

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara nazarin rubutacciyar waƙa yakan haɗu da ita ne a cikin littafi, a feɗe masa ita baiti-baiti, a nuna masa jigo da salo da kari da amsa-amo. Wannan hanya tana da amfani ƙwarai, sai dai takan sa ɗalibi ya manta cewa domin kunnen jama'a ake yin waƙa. A wannan babi za a duba wata hanya da al'umma ke bi wajen raya waƙa a wajen aji, wato bikin waƙa na gari. Za a bayyana ma'anarsa, sannan a ɗauki bikin garin Struga na ƙasar Masedoniya ta Arewa a matsayin misali, a ga yadda ya faro da yadda ake gudanar da shi. Daga ƙarshe za a fito da darussan da malamin Hausa zai iya ɗauka daga ciki.

2.0 Ma'anar Bikin Waƙa

Bikin waƙa taro ne da ake yi a wani ƙayyadajjen lokaci, galibi shekara-shekara, inda marubuta waƙoƙi da masu sauraro ke haɗuwa domin a ji waƙa, a koyi yin ta, a kuma karrama waɗanda suka yi fice. Abubuwa uku ne suka bambanta shi da sauran tarurruka:

(a) karanta waƙa ko rera ta a bainar jama'a;
(b) zaman bita, inda gwanaye ke koya wa masu tasowa;
(c) baje kolin waƙoƙi da littattafai a wuraren da kowa ke iya zuwa.

Wannan al'ada daɗaɗɗiya ce. Larabawan zamanin Jahiliyya sukan taru a kasuwar Ukaz da ke kusa da Ɗa'ifa a watan Zulƙida, a yi ciniki, a kuma yi gasar waƙa. An ruwaito cewa akan kafa wa sha'iri Nabiga jan tanti na fata, mawaƙa su zo su karanta masa waƙoƙinsu ya yi alƙalanci. Haka kuma akwai ruwayar da ke cewa an rataye fitattun ƙasidun wancan zamani a jikin Ka'aba, ko da yake wasu masana suna shakkar ingancinta. Ke nan tun da daɗewa mutane suka gane cewa waƙa tana bukatar fage da alƙali da masu sauraro.

3.0 Garin Struga da Asalin Bikinsa

Struga ƙaramin gari ne da ke kudu maso yammacin Masedoniya ta Arewa, kusa da iyakar Albaniya. Mutanensa ba su kai 20,000 ba, kuma sun haɗa da Masedoniyawa da Albaniyawa, Kirista da Musulmi. Garin yana bakin tafkin Ohrid, daidai inda kogin Drim ya fito daga tafkin ya raba garin gida biyu, shi ya sa gadoji suke da muhimmanci a rayuwar mutanensa. Ƙasar tana cikin tarayyar Yugoslabiya har zuwa shekarar 1991, kuma a shekarar 2019 ne aka ƙara kalmar "ta Arewa" a sunanta.

A wannan gari aka haifi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, Dimitar Miladinov (1810–1862) da Konstantin Miladinov (1830–1862). Dimitar malamin makaranta ne, shi kuwa Konstantin ya yi karatu a Mosko, kuma marubucin waƙoƙi ne. Su biyun sun tattara waƙoƙin baka fiye da 600 daga bakin talakawa, suka buga su a kundi ɗaya a birnin Zagreb a shekarar 1861. A lokacin yankin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Hukuma ta kama su bisa zargin siyasa, kuma duka biyun sun rasu a kurkuku a Santambul a farkon shekarar 1862. Kundin ya fito ne da sunan waƙoƙin gargajiyar Bulgariya, saboda haka Bulgariya da Masedoniya ta Arewa kowacce tana ɗaukar 'yan'uwan a matsayin nata.

A shekarar 1961, da kundin ya cika shekara 100, marubutan Masedoniya suka taru a Struga suka karanta waƙoƙi domin tunawa da waɗannan 'yan'uwa. Daga wannan zama ne bikin ya samo tushe, aka raɗa masa sunan da ke nufin "Dararen Waƙa na Struga". A shekarar 1963 aka fara gayyatar mawaƙa daga sauran sassan Yugoslabiya, a 1966 kuma aka buɗe ƙofa ga duniya baki ɗaya. A watan Agusta ake yin sa, yakan kuma ɗauki kwanaki kaɗan.

4.0 Yadda Ake Gudanar da Bikin

4.1 Karatu a Bainar Jama'a

Ana buɗe bikin ne a farfajiyar wani gini da ake kira Gidan Waƙa. Abin da ake fara karantawa kowace shekara shi ne wata waƙa ta Konstantin Miladinov, wadda ma'anar sunanta ita ce "Begen Kudu". Ya rubuta ta ne a Rasha yana kewar gida. Da wannan ake tuna wa baƙi cewa bikin yana da masu gida. Bayan haka sai mawaƙan ƙasashe daban-daban su karanta nasu. A wani dare kuma akan je wata tsohuwar majami'a ta ƙarni na 11 da ke garin Ohrid, kimanin kilomita 15 daga Struga, inda gwarzon shekara ke karanta waƙoƙinsa.

Zaman da ya fi kowane suna shi ne na rufewa, wanda ake kira "Gadoji". A kan gadar kogin Drim ake yin sa, mawaƙa suna bisa gada, jama'a kuma sun cika gaɓar kogin hagu da dama. Hikimar wannan tsari a fili take. Mutumin da ba zai taɓa shiga zauren taro don jin waƙa ba, kamar mai kanti ko masunci ko yaron da ya fito shan iska, zai tsaya a bakin kogi ya saurara. Da an rufe biki kuma, wasu daga cikin mawaƙan sukan bi sauran garuruwan ƙasar suna karatu, a wani shiri da ake kira ayarin waƙa.

4.2 Bita da Fassara

Da rana akan yi zaman bita da tattaunawa a kan wani batu da aka zaɓa. Bita ta bambanta da lacca. A lacca mutum ɗaya ke magana saura na saurare. A bita kuwa kowa yakan zo da abin da ya rubuta, a karanta, a tattauna inda kalma ta zauna da inda ta yi tuntuɓe, marubuci ya koma ya gyara. A nan ne mai tasowa ke gane cewa gwanaye ma sai sun sha gogewa da sakewa kafin waƙa ta tsayu.

Fassara ita ce ƙashin bayan wannan biki, domin baƙin da ke zuwa harsunansu daban-daban ne. Baƙo yakan karanta waƙarsa da harshensa domin a ji amonta da kiɗanta, sannan a kawo fassararta domin a fahimci saƙo. Haka kuma akan buga zaɓaɓɓun waƙoƙin gwarzon shekara a littafi tare da fassararsu da harshen Masedoniya.

4.3 Baje Koli

Bayan littattafan da ake bajewa a lokacin biki, akwai abubuwan da ke zama a garin duk shekara. Akwai ɗakin karatu da ke tara littattafan waƙa na ƙasashen duniya, da ma'adanar rubuce-rubuce da hotuna. Akwai kuma Lambun Waƙa, inda gwarazan bikin ke dasa bishiya, a kafa allo mai ɗauke da sunan kowane. Yaron da ya tashi a garin yana ganin sunayen mawaƙa a kan hanyarsa tun kafin ya haɗu da su a littafi.

4.4 Kyaututtuka

Babbar kyautar bikin ita ce Kambin Zinariya, wadda aka fara bayarwa a shekarar 1966. Daga cikin waɗanda suka same ta akwai Pablo Neruda na ƙasar Chile (1972), da Léopold Sédar Senghor (1975) a lokacin yana shugaban ƙasar Senegal, da Adonis na Siriya (1997), da Mahmud Darwish na Falasɗinu (2007). Wasu ma Struga ce ta riga karrama su kafin su sami kyautar Nobel, kamar Eugenio Montale na Italiya (Struga 1973, Nobel 1975) da Tomas Tranströmer na Suwidin (Struga 2003, Nobel 2011). Akwai kyautar 'Yan'uwa Miladinov domin littafin waƙa mafi kyau na cikin gida. A shekarar 2003 kuma, da haɗin gwiwar hukumar UNESCO, aka ƙirƙiro kyautar Gadojin Struga domin matashin da littafinsa na farko ya yi fice.

5.0 Bikin da Ci Gaban Harshe

Ga mai nazarin harshe, a nan ne babban darasin yake. Sai a shekarar 1945 aka tsayar da baƙaƙe da ƙa'idojin rubutun harshen Masedoniya, kuma masu magana da shi ba su wuce kimanin miliyan 2 ba. Ke nan lokacin da aka fara bikin, daidaitaccen harshen bai kai shekara 20 ba. Harshe irin wannan yana bukatar ya nuna cewa zai iya ɗaukar kowane irin tunani. Duk lokacin da mai fassara ya zauna zai juya waƙar Sifaniyanci ko Larabci, tilas ya tono tsofaffin kalmomi, ya faɗaɗa ma'anar wasu, ya ƙirƙiro sababbi. Ta haka rumbun kalmomin harshe ke cika. A ɗaya ɓangaren kuma, baƙi sukan koma gida da waƙoƙin Masedoniya su fassara su zuwa harsunansu. Shi kansa Blaže Koneski, masanin harshen da ya jagoranci daidaita Masedoniyanci, marubucin waƙoƙi ne, kuma ya sami Kambin Zinariya a shekarar 1981.

Idan aka duba da kyau, abubuwa uku ne suka riƙe wannan biki fiye da shekara 60. Na farko, ya tsiro daga abin da garin ya mallaka, wato 'ya'yansa biyu da waƙoƙin bakansa. Na biyu, yana renon masu tasowa ta hanyar bita da kyauta. Na uku, ya kai waƙa inda jama'a suke. Waɗannan kamar duwatsun murhu ne, in aka cire ɗaya tukunya ba za ta zauna ba.

6.0 Darasi Ga Malamin Hausa

Fito da waƙa fili ba baƙon abu ne ga Bahaushe ba. Rubutacciyar waƙar Hausa rera ta ake yi, kuma da yawan mutane daga bakin makafi masu bara suka haddace Imfiraji ta Aliyu Namangi. Ƙungiyoyin marubuta irin su Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu sun haɗa marubuta wuri ɗaya, gidajen rediyo kuma suka kai waƙoƙi ƙauyuka. Abin da misalin Struga ya ƙara shi ne tsari da tsayayyen lokaci da ajiya. Malamin da aka tura ƙaramin gari zai iya bin waɗannan matakai:

(a) Ya binciko marubutan garin, rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na boko da na ajami, a gina bikin a kan sunansu.
(b) Ya nemi yardar hukumar makaranta da hakimi ko dagaci da malaman gari, domin su ɗauki abin nasu ne.
(c) Ya shirya bita kafin ranar biki, a koyar da kari da amsa-amo da tsarin baiti, kamar ƙwar biyu da ƙwar biyar, ɗalibai mata da maza su gwada nasu.
(d) A rubuta zaɓaɓɓun baitoci da manyan baƙaƙe a kan kwali ko allo, da izinin masu su da kuma sunayensu, a kafa a ƙofar makaranta da bakin kasuwa da tasha.
(e) A ajiye kwafin duk waƙar da aka rera, a rubuce da kuma a naɗe, domin 'yan baya.

Dangane da lokaci, akwai Ranar Waƙa ta Duniya, 21 ga Maris, wadda UNESCO ta ayyana a shekarar 1999, akwai kuma Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta. Abin lura shi ne, kada a bari gasa ta danne koyo. Idan kyauta ce kaɗai abin nema, wanda bai ci ba ba zai dawo baɗi ba.

7.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar bikin waƙa da sassansa uku, wato karatu a fili da bita da baje koli. An ga yadda garin Struga ya fara da tunawa da 'ya'yansa biyu a shekarar 1961, har ya zama matattarar mawaƙan duniya, da kuma yadda hakan ya taimaka wa harshen Masedoniya. An kuma nuna matakan da malamin Hausa zai bi ya shirya irin wannan biki gwargwadon ƙarfin garinsa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Mene ne bikin waƙa? Kawo abubuwa uku da suka bambanta shi da sauran tarurruka.
2. Bayyana rawar da 'yan'uwa Miladinov suka taka wajen samuwar bikin Struga.
3. Ta yaya fassarar waƙa ke bunƙasa harshe? Kawo misalai daga Hausa.
4. Tsara jadawalin bikin waƙa na kwana biyu domin garinku, tare da nuna wuraren da za a yi karatu da bita da baje koli.