Abin da ke sa tumatir yin yaushi alhali ƙasa na jiƙe

Masu noman rani a Kadawa da Kura sun san wannan abin takaici: kwami cike da ruwa, amma tumatir ya yi yaushi. Da yawa sai su ƙara sako ruwa, nan kuwa suke ƙarasa shi.

Kaurin saiwar da ake gani in an tuge shuka ba shi ne mai shan ruwa ba. Aikinsa riƙe shuka da kai ruwa sama. Masu shan ruwan wasu siraran gasu ne da ke fitowa kusa da bakin ƙananan saiwoyi, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, kuma ba su daɗe da rai. A shekarar 1937 wani masani a Amurka mai suna Dittmer ya auna saiwar tushe ɗaya tak na wani hatsi dangin alkama, ya ƙiyasta jimillar tsawonta ta haura kilomita 600, gasunta kuma kimanin biliyan 14.

Daga waɗannan gasu ruwa ke shiga wasu siraran bututu da suka bi ta cikin kara har ganye. Babu famfon da ke tura shi. Ganye ne ke fitar da tururi ta ƙananan ƙofofi, wannan fitar kuma ita ke janyo na ƙasa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da shuka ta sha a iska yake ƙarewa.

To, saiwa rayayya ce, tana numfashi. Idan ruwa ya kwanta kwana da kwanaki, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa ta ƙare, gasun sai su mutu, saiwa ta ruɓe, ganye kuma bai daina fitar da tururi ba. Shinkafa ce ke jure wannan, domin tana da hanyoyin iska a jikinta. Tumatir da tattasai ba su da wannan gata.

Takin zamani ma yana yin irin wannan ɓarna. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa ta ga yadda yake tsotso ruwanta. Haka yuriya ko kamfa ke yi wa saiwa idan aka tara shi a gindin shuka, musamman a busasshiyar ƙasa: ruwa ya riƙa fita daga saiwa, manomi ya ce taki ya ƙone masa shuka. A ba takin tazara kaɗan daga tushe, a binne, ƙasa na da danshi.

Wajen dashe kuwa, fizge iri daga busasshen bedi yana tsinke yawancin gasun. A jiƙa bedin tukuna, a ɗebo iri da ƙasarsa, a dasa da la'asar. Kafin a sake ban ruwa, a tona ƙasa kamar tsawon yatsa. In akwai laima, a dakata, a buɗe wa ruwan da ya kwanta hanya.