Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Abin da Mai Zane Zai Samu a Gidajen Tarihi da Tsofaffin Hotuna

Duk wanda ya juya bayan takardar naira 20 zai ga hoton wata mata ta duƙufa tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali da ke yankin Abuja, wadda ta rasu a 1984. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun danginta, irin ginin da ake yi da hannu ba tare da na'ura ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tangaran da wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A can ta tarar da wani irin yumɓu daban, da murhu mai tsananin zafi, da ruwan ƙyalli da ake shafa wa tangaran. Ta karɓi waɗannan sababbin kayan aiki, amma ba ta yar da zanen da ta taso da shi ba. Kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, waɗanda matan garinsu ke zanawa a jikin tulu, su ta ci gaba da ɗorawa a kan sabon aikinta. Da su aka baje kolin tukwanenta a Landan, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

Mun kawo labarinta ne saboda wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakaninmu. Idan malamin zane ya ce a zayyana bangon littafi, ko tela ya nemi sabon aiki na wuyan riga, ko mai buga katin biki ya rasa adon da zai sa a gefe, kowa waya yake zarowa. Abin da wayar ta fara nunawa shi ake kwafa. Shi ya sa katin bikin Gusau da na Gombe suka zama furanni iri ɗaya, alhali furannin ba na Gusau ba ne, ba kuma na Gombe ba. Ɗalibin da ke fatan cin abinci da zane ko ɗinki ko aikin kwamfuta, in abin da kowa ke da shi kaɗai gare shi, da me zai fi wani a kasuwa? Ga shi kuwa akwai dukiyar zayyana ta ɗaruruwan shekaru a ajiye, kuma mafi yawanta kallonta ba ya cin kuɗi mai yawa.

Ina aka ajiye su?

A Kano akwai Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, gidan da tarihi ya danganta gininsa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne, da tsofaffin hotunan birni da ƙyamaren ƙofofin gari da kayan sana'o'i. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda shi kansa ginin darasi ne na zayyanar bango. A Kaduna akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, da kuma ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, inda za a ga maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a fili.

Wasu kayan kuma sun ƙetare teku tun zamanin Turawa. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yana da manyan riguna da kayan fata daga ƙasar Hausa, kuma ya sa hotunan da yawa daga cikinsu a intanet. Cibiyar Smithsonian ta Amurka tana riƙe da hotunan da Eliot Elisofon ya ɗauka a ƙasashen Afirka, har da Arewacin Najeriya. Wanda ya shiga shafin irin waɗannan wurare ya rubuta Hausa ko Kano ko riga a gurbin nema, zai sha kallo. Wato wayar nan da muke kwafar furanni da ita, ita ce kuma za ta iya kai mu ga kayan kakanninmu.

Babbar riga ta fi ƙarfin kallo ɗaya

Bari mu ɗauki misali da tsohuwar babbar riga. Wanda ya yi mata kallon wucewa zai ce ta sha aiki, shi ke nan. Wanda ya tsaya zai ga cewa kowane ɓangare da sunansa. Dogayen tsinaye masu kama da wuƙa da ke saukowa a kan aljihu su ne aska, kuma da yawansu ake kiran rigar, aska biyu ko aska takwas. Zagayen nan mai kama da naɗi shi ne tambari. Ga kuma dagi, wanda zarensa ke shiga yana fita ba a gane farkonsa balle ƙarshensa. Ku lura kuma cewa aikin ba a tsakiyar ƙirji yake ba. Ya fi nauyi a gefen hagu inda aljihu yake, sannan aka sa tambari a ɗaya gefen don kada rigar ta rinjaya wuri guda. Darasin daidaita nauyi a zane da ake koya mana a aji, ga shi nan a jikin riga tun kafin a kafa makarantar boko.

Rigar tana kuma ba da labarin kasuwanci. Zaren tsamiya daga saƙar wata tsutsa ta daji ake samunsa. Jan alharini kuwa ta hamada fatake ke kawo shi daga Tarabulus. Shuɗin daga baba yake, wanda ake jiƙawa da toka a karofi irin na Ƙofar Mata, ƙyallin kuma aikin mabuga ne. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Sau da yawa malamai ne ke zana fasalin aikin a jikin ƙyalle, masu allura su bi sawu. Shi ya sa za ku ga dangantaka tsakanin adon riga da na allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani.

Keke a jikin bango

Wani zai ce ai komawa ga tsohon abu ci baya ne. Tsofaffin hotunan gidajen Zariya da Kano sun isa su ba shi amsa. A jikin bangon zaure, tsakanin dagi da takobi, za ku tarar magina sun zana keke, wani wurin mota ko jirgin sama ko agogo. Lokacin da waɗannan abubuwa suka shigo gari, magina ba su ce ba na gargajiya ba ne. Sun ɗauko su, suka lanƙwasa su da irin layin da suka saba, har suka zauna daidai da sauran adon. Ashe su ma masu ƙirƙira ne, suna kallon zamaninsu da idon da suka gada.

Haka kuma cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19. Da ƙasa da azara ya tayar da bakan gizo masu haɗuwa a sama, ya bi jikin ginshiƙai da zane mai zurfi wanda haske da inuwa ke fito da shi ba tare da fenti ba. Da yawa daga cikin gidajen ƙasa masu zanko da zayyana sun rushe, ko an shafe su da siminti. Wasu a hoto kaɗai suka rage. Wannan shi ya sa hoton ya zama abin tattali.

Hoto ma sai an yi masa tambaya

Sai dai tsohon hoto ba a haɗiye shi haka nan. Yawancin hotunan farkon ƙarni na 20 baƙi ne suka ɗauke su, jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan da matafiya, kuma kowa abin da ya ba shi sha'awa ya ɗauka. Wani lokaci tsayar da mutum ake yi a gyara masa tsayuwa. Sau da yawa a ƙasan hoton ba a rubuta sunansa ba, sai dai a ce wani ɗan kasuwa ko wata mai tallar nono. Saboda haka idan kun sami hoto, ku tambayi kanku: wa ya ɗauka, a wace shekara, a wane gari, kuma don wa?

Bayan haka kada idonku ya tsaya a kan babban mutumin da ke tsakiya. A hotunan hawan daba, kamar wanda aka yi a Kaduna a 1956 lokacin zuwan Sarauniyar Ingila, ku dubi gefe-gefe: adon sirdi da linzami, naɗin rawanin dogarai, hular yaron da ke riƙe da doki. A hoton kasuwa ku dubi zanen ƙwarya da saƙar faifai da kitson mai talla. Ku tuna kuma hoton baƙi da fari yana ɓoye launi, don haka sai an haɗa da ganin kayan da ido, ko a tambayi tsofaffin da suka yi amfani da su. Matambayi ba ya ɓata.

Daga kallo zuwa aiki

A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne su riƙe dabarun da malamansu Turawa ke koya musu, amma kowa ya koma ya binciki zanen mutanensa ya haɗa. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Waɗannan samari sun zama manyan masu zane na Najeriya, kuma abin lura shi ne suna ɗalibai suka fara.

Ga yadda mu ma za mu gwada. Ku tanadi littafi guda na musamman. Ku zaɓi abu ɗaya tak, ko hula ko faifai ko ƙofar zaure a hoto, ku zana shi da fensir yadda yake. Ɗaukar hoto da waya yana da amfani, amma hannu ne ke tilasta wa ido ya ƙirga layi, ya gane inda suka haɗu. A gefe ku rubuta sunan abin, da garin da aka yi shi, da inda kuka gan shi. Sannan ku ware ƙwayar zanen da ke maimaita kanta, ku zana ta ita kaɗai. Daga nan sai wasa: ku ƙara mata girma, ku juya ta, ku jera ta, ku sauya mata launi, ku ɗauke ta daga fata ku kai ta jikin jakar makaranta ko bangon mujallar ajinku. A ƙarshe ku yi irin abin da maginan Zariya suka yi, ku sa wani abu na zamaninku a ciki, ko Keke Napep ne ko faifan sola.

Akwai ladubba biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, a gidan tarihi a nemi izini kafin ɗaukar hoto, kuma kada a taɓa kayan da aka hana taɓawa. Na biyu, a san abin da ake ɗauka. Abin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko alamar wata sarauta ba a sa shi a takalmi ko shimfiɗa. Idan kuma a wajen wani mai sana'a kuka koyo zanen, ku ambaci sunansa, domin rashin yin haka ne ya sa masu aikin rigunan da ke Landan suka zama ba a san ko su wane ne ba.

Ma'adanar da ke cikin gidanku

Wanda garinsu ba gidan tarihi kada ya ce an bar shi a baya. A adakar kaka akwai tsohon saƙi da gwado. A ɗakin inna akwai jeren kwanuka da tasoshi. A wata tsohuwar ambulan akwai hotunan aure da na suna da na tafiya aikin Hajji. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan 1,000, kuma yau ana nuna su a manyan gidajen tarihi na duniya. Abin da ya ɗauka kuwa kitso ne da kowa ke gani kullum a titi, babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Hotunan gida suna da maƙiya uku: danshi, gara da mantuwa. Ku nemi izinin iyaye ku fito da su, ku ɗauki hoton kowanne da waya a inuwa, ku ajiye na asalin a busasshen wuri, ba tare da liƙa musu leda mai zafi ba. Sannan ku zauna da Kaka ko Baffa su faɗa muku sunayen mutanen da ke ciki, da sunan ɗinkin da na kitson, ku rubuta a baya da fensir. Wannan aikin ba ya jiran hutu mai zuwa, domin ranar da aka rasa mai ba da bayanin, hoton zai koma na wasu mutane da ba wanda ya san su. Ƙungiyar zane ta makarantarku ma za ta iya haɗa abin da kowa ya samo, a baje kolinsa ranar raba kyaututtuka, tsohon hoto a gefe ɗaya, sabon zanen da aka ciro daga gare shi a ɗaya gefen.