Masu Kome: Idan Ma'aikaci Ya Koma Gidan Da Ya Bari

A watan Afrilun 2021 Ahmed Musa ya sake saka rigar Kano Pillars, shekara goma sha ɗaya bayan ya bar ƙungiyar. Yaron da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 ya zagaya Holan, Rasha, Ingila da Saudiyya, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya maimaita wa Iceland a 2018. Zaman nasa a Pillars bai wuce 'yan watanni ba ya wuce Turkiyya. A Oktoban 2024 ya sake dawowa, kuma a wasansa na farko ya jefa wa Sunshine Stars ƙwallo biyu. Zuwa 2025 an naɗa shi babban manajan ƙungiyar.

Kamar matar da ta yi kome, ma'aikacin da ya koma tsohon wurinsa ya san ƙofa, ya san halin maigida, amma tambayar da ke jiransa ita ce: abin da ya raba su tun farko yana nan, ko ya kau?

Labarin Steve Jobs ne ya fi shahara, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. A 1985 ya bar Apple, kamfanin da ya kafa da abokinsa Steve Wozniak, bayan rikici da John Sculley, mutumin da shi da kansa ya zawarto daga Pepsi. Ya je ya kafa NeXT, wanda kwamfutocinsa suka yi tsada, kasuwa ta ƙi su. Amma manhajar da ke sarrafa su ta fi ta Apple inganci nesa ba kusa ba. Saboda ita ne Apple ya sayi NeXT a Disambar 1996 kan sama da dala miliyan 400. Wato ba kewar Jobs ce ta sa aka nemo shi ba, kayan da ke hannunsa ake so.

Ya tarar da gida na ci da wuta: asarar kamfanin a 1997 ta kai kusan dala biliyan ɗaya. Sculley ya daɗe da tafiya, shugaban kamfanin na lokacin, Gil Amelio, ya bi bayansa a watan Yuli, sannan aka sauya yawancin 'yan majalisar gudanarwa. Jobs ya lallaɓo Microsoft, babban abokin hamayya, ya zuba dala miliyan 150. Ya soke tarkacen na'urori masu yawa ya bar rukuni huɗu kacal, sai ga iMac a 1998. Manhajar NeXT kuwa ita ta rikiɗe ta zama Mac OS X a 2001. Ya dawo da abin da gidan ba shi da shi, kuma masu adawa da shi ba sa nan.

José Mourinho bai samu wannan sa'ar ba. Ya bar Chelsea a Satumbar 2007 bayan saɓani da mai ƙungiyar, Roman Abramovich. Ya dawo a 2013, ya ci gasar Firimiya a 2015, amma a Disambar shekarar aka sallame shi, ƙungiyar na mataki na 16. Maigidan bai canza ba: mutum ne marar haƙuri da koci, yadda ya bar shi haka ya same shi. Cristiano Ronaldo ma ya koma Manchester United a 2021, ya ci ƙwallo 24 a kakar farko, ya fice a Nuwambar 2022 bayan hirar da ya koka cewa hatta wurin motsa jiki da na ninƙaya suna nan yadda ya bar su a 2009.

Ga ma'aikacin banki, malamin makaranta ko ɗan jarida, lissafin bai kai na waɗannan girma ba, sai dai ya fi ciwo. Kamfani na son tsohon ma'aikaci saboda ba sai an koya masa aiki ba, kuma an san amanarsa. Shi kuwa yakan tarar da yaron da ya koya wa cika fam ya zama oga, shi ne zai sa hannu a takardar hutunsa. Waɗanda suka zauna suka sha wuya ba su cika murna ba idan suka ji wanda ya tafi ya dawo da albashin da ya fi nasu. Gunagunin nasu ma ba banza ba ne.

Abu ɗaya dai ya sauƙaƙa a Najeriya. Tun da aka kafa dokar fansho ta 2004, kuɗin ritayar ma'aikacin da ke cikin tsarin suna taruwa ne a asusu mai ɗauke da sunansa, suna bin sa duk inda ya je. Matakin albashi da matsayi kuwa ba sa bin kowa: sai an zauna an sake ciniki, kuma da yawa daga masu komawa kunyar tsohon maigida kan hana su buɗe baki a wannan zaman.