Ganuwar Birni da Maƙeran Damagaram

Ƙasar da a yau ta ƙunshi Magariya da Dungas ta shiga ƙarƙashin ikon Damagaram ne a ƙarni na 19, lokacin da sarautun Sosebaki, irin su Waca da Dungas, suka koma bin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884 bayan mulkin fiye da shekara 30. A zamaninsa aka kewaye Birnin Zindar, mazaunin sarautar Damagaram, da ganuwa, wato katangar ƙasa mai faɗin gindi wadda ke tsukewa zuwa sama, fadar sarki kuma tana cikinta.

Ginin fadar bai bambanta da na gidajen sarautar karkara ba sai a girma. Magina kan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa su mulmula tubali mai siffar ƙwai, a shanya shi ya bushe, sannan a jera shi da laka, gindin a ƙasa, tsinin a sama. Rufin soro yana hawa ne kan azara, wato tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika cinsa ba, kuma da yake azara ba ta ɗaukar nauyi idan ta yi tsawo, sai magina suka ƙware wajen bakan gizo, ginshiƙai masu lanƙwasa da ke haɗuwa a tsakiyar rufi su ba zaure faɗi. Daga waje ana shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana damina zaizaye shi.

Sai dai katanga ita kaɗai ba ta tsare gari, kuma a nan ne ake yawan tauye wa maƙera haƙƙinsu. Kafin ƙarfen Turai ya wadata, masu narka tama, wato dutsen da ƙarfe ke cikinsa, sukan gina dogon murhu na yumɓu a bayan gari, su jera tama da gawayin ƙirya hawa-hawa, wuta ta kwana tana ci har ƙarfe ya dunƙule a ƙasa, ƙazantarsa ta ware. Maƙeran baƙi, wato masu ƙera baƙin ƙarfe, su ke karɓar wannan dunƙule su sake gasa shi da zugazugi, su buge shi da masaba a kan uwar maƙera, ya zama hauya ko mashi ko ƙusar ƙyauren ƙofar gari. Tanimun ya kai sana'ar wani mataki, domin a Zindar aka riƙa haɗa albarushi ana kuma zuba igwa, abin da ya sa biyayyar Damagaram ga Barno ta zama kusan ta baka kawai.

Sojojin Faransa sun ci Zindar a 1899 bayan yaƙin Tirmini, ganuwa ta rasa aikinta, ta yi ta zubewa. Narka tama kuwa arha ce ta kashe shi, domin maƙeri ya samu tsohon ƙarfen mota a kasuwa ba tare da ya ƙona gawayi dare guda ba. Fadar na nan har yau, Sarkin Damagaram yana zaune a cikinta.