Turken Ƙarfe a Ƙashin Cinya: Dalilin da Ya Sa Cirewa Ta Fi Kafawa Wuya

A tiyatar sauya ƙugu, likita yakan yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, ya rarake ramin ɓargo, ya kafa turken ƙarfe mai tsawon kusan taƙi ɗaya a ciki, sannan ya ɗora masa ƙwallon da zai riƙa juyawa a kwarmin da aka dasa a ƙashin ƙugu. A hannun gwani aikin ba ya kai awa biyu. Ranar da ta kama a fito da wannan turke kuwa, lokacin yakan ninka, jini ya fi zuba, kuma sau da yawa majiyyaci kan bar wani yanki na ƙashinsa a ɗakin tiyata. Irin wannan aiki na biyu yana ƙaruwa a duk ƙasar da ta daɗe tana sauya ƙugu. Abin da nake gani shi ne, yawancin wahalar ranar cirewa tun ranar kafawa ake shuka ta, don haka bai isa a auna turke da ƙarfin kamunsa kaɗai ba, sai an haɗa da yawan ƙashin da zai ci kafin ya fita.

Nasara ce ta haifi matsalar. Lokacin da John Charnley ya daidaita wannan tiyata a asibitin Wrightington da ke Ingila a 1962, da turken ƙarfe da siminti na musamman da kwarmin roba, tsofaffin da amosanin gaɓɓai ya zaunar ya fi yi wa. Dattijon da aka yi wa aiki yana da shekara saba'in da biyar, galibi turken zai raka shi har kabari. Yanzu ana yi wa 'yan hamsin, har da 'yan talatin, mutanen da za su koma gona da kasuwa su ci gaba da taka ƙafar. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019, wanda ya tattara rajistocin ƙasashe, ya nuna kusan kashi 89 cikin ɗari na ƙugun da aka dasa suna kai shekara 15, amma kusan kashi 58 ne ke kai shekara 25. Wani kuma na 2017 a mujallar ya gano cewa wanda ya haura saba'in, haɗarin a sake buɗe shi a tsawon rayuwarsa kusan kashi 5 ne, alhali namiji ɗan hamsin da 'yan kai haɗarinsa ya doshi ɗaya cikin uku. A Amurka, tun 2007 Kurtz da abokan aikinsa suka yi hasashen cewa aikin gyaran ƙugu zai ƙaru da kashi 137 tsakanin 2005 da 2030. Hasashe ne, kuma robar zamani ta rage masa kaifi, amma alƙiblar ba ta sauya ba.

Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne dalilin cirewa ya sauya. A da, turke yakan kwance ne da kansa. Ana ta zargin siminti, har likitoci suka laƙaba wa abin suna cutar siminti, kafin a gane cewa ɓarɓashin robar kwarmi ne babban mai laifi: robar na gogewa, ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ƙurar, su tayar da kumburin da ke narkar da ƙashi a gefen turken. Kafin gaskiya ta gama bayyana, likitoci da yawa, musamman a Amurka, sun riga sun koma ga turke marar siminti, mai fuska kaushi-kaushi da ƙananan kafofi, wanda ƙashi ke tsirowa ya shige cikinsa kamar yadda saiwar cediya ke kama bango. Turken da ya kwance yakan fito da bugu biyu ko uku. Na zamani ba ya yawan kwancewa, amma akwai dalilan da ke tilasta cire shi yana daram: ƙwayoyin cuta su manne a jikin ƙarfe inda magani ba ya kai musu, ko turken ya karye, ko ya zauna a karkace ƙugu ya riƙa gocewa, ko kuma a gano aibi a ƙirarsa. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa ASR, na ƙarfe kan ƙarfe, bayan an dasa kusan 93,000 a duniya. A 2012 Stryker ya janye turakunsa Rejuvenate da ABG II masu wuyan da ake harhaɗawa, saboda mahaɗar na cin tsatsa tana zuba ƙarfe a nama. A wannan na biyun, mutane da yawa sai da aka tumɓuke musu turken da ya riga ya zama ɗaya da ƙashinsu.

Ga yadda abin yake a kan tebur. Likita yakan fara daga sama, ya share ƙashin da ya rufe kafaɗar turken, ya zura siraran wuƙaƙe masu lanƙwasa tsakanin ƙarfe da ƙashi, yana yanka kamun kaɗan-kaɗan, sannan ya ɗaura majanyi, wato ƙarfen da ake jawo turken da shi, ya riƙa buga guduma ta baya. In turken ya motsa, an auna arziki. In ya ƙi, dagewa ba jarumta ba ce, domin ƙashin cinya bututu ne, kuma wuƙar da ke tafiya a makance tana iya huda shi ko ta tsaga shi gida uku. Shi ya sa aka gwammace a karya shi da gangan a inda aka zaɓa. Heinz Wagner a Jamus ya buɗe wannan hanya a shekarun 1980, Wayne Paprosky da abokansa a Amurka suka fito da salon da ya fi yaɗuwa a 1995. Ana sa zarto a tsaga gefen ƙashin na waje, kusan sulusin zagayensa, tsawon santimita 12 zuwa 15, a ɗaga shi kamar murfin akwati ba tare da an raba shi da tsokar da ke ciyar da shi jini ba. Turken sai ya bayyana tsirara. A zagaya bayansa da zarton waya, in kuma ƙasansa ya kafe a yanke ƙarfen biyu, a sa wani bututu mai haƙora ya rarake kewayen guntun da ya rage. Bayan an gama a mayar da murfin, a ɗaure da wayoyi, a kafa sabon turke wanda ya fi na farko tsawo, domin dole ya wuce wurin da aka tsaga ya sami lafiyayyen ƙashin da zai kama.

Wannan ƙarin tsawo shi ne asarar da ba a cika lissafawa ba. Kowane gyara yana gangarawa ƙasa, kowane sabon turke yana cin yankin da na baya ya bari, kuma rajistoci irin na Suwidin, da aka fara tun 1979, da na Ingila sun nuna ƙugun da aka gyara ya fi na farko saurin sake buƙatar gyara. In ƙwayar cuta ce sanadi, sau da yawa tiyata biyu ake yi: a cire komai, a sa simintin da aka kwaɓa da magani ya riƙe wurin na makonni, sannan a dawo a dasa sabo. Majiyyaci na kan sanda duk tsawon lokacin.

Za a ce na cika baki, tunda yawancin turaku ba a taɓa cire su, kuma wauta ce a rage ƙarfin kamu don tsoron ranar da wataƙila ba za ta zo ba. Ga dattijo wannan magana gaskiya ce, ba ni da ja. Amma lissafin da ya kwantar wa ɗan saba'in hankali shi ne ya tayar da na ɗan arba'in, kuma ba wanda ya ce a kafa turke sako-sako. Abin da ake nema shi ne kamun ya tsaya a saman ƙashi inda wuƙa za ta kai, maimakon ya bi dukan tsawon turken. Za a kuma ce siminti ma ba cinya ba ne ƙafar baya, domin fasa shi a cikin ramin ɓargo aiki ne mai cin rai, har sai da aka ƙera na'urar da ke narkar da shi da girgizar sauti. Haka ne in akwai cuta, don a lokacin ba a barin ko ɗigo. In babu, turke mai sulɓi irin na Exeter, wanda aka fara dasawa a 1970, yakan zare daga simintinsa kamar wuƙa daga kube, a zuba sabon siminti a kan tsoho a mayar da wani ba tare da an taɓa ƙashi ba. Shi ma yana da nasa aibin, don an lura ƙashi ya fi tsagewa a kewayensa idan mutum ya faɗi, idan aka kwatanta da wasu turakun siminti. Gajerun turaku da ake tallatawa da sunan adana ƙashi kuwa, shekarunsu a jikin mutane ba su kai a rantse da su ba.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne amosanin jini, wato sikila. Najeriya ce kan gaba a duniya a yawan masu sikila, kuma cutar na toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu ya rufta, sau da yawa kafin mutum ya kai talatin. Ramin ɓargonsu yakan ƙuntata ya taurare, sun fi saurin kamuwa da ƙwayar cuta, kuma sakamakon turken siminti a jikinsu bai yi kyau ba, shi ya sa aka fi sa musu marar siminti, wato wanda ya fi wuyar cirewa. Zaɓin daidai ne, amma yana nufin matashin da aka yi wa aiki a asibitin Dala ko a Indiya ko Masar yana iya fuskantar zarto sau ɗaya ko biyu a gaba. Abu mafi araha da zai rage masa wahala takarda ce: sunan kamfani, samfuri da lambar girman kowane ƙarfe da ke jikinsa. Wuyan turke ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, haka majanyinsa. Likitan da ya san abin da ke ciki yana iya sauya ƙwallo da kwarmi kaɗai ya bar turken a zaune. Wanda hoton ƙashi kawai aka miƙa masa, bayan shekara goma sha biyar, yana iya tsaga lafiyayyar cinya don kawai bai sami ƙwallon da zai hau wuyan da bai san maƙerinsa ba.