Hoce, Datu da Gauda: Kwanon da Ba a Saba Kaiwa Gidan Salla Ba

Abincin salla a arewa maso yammacin Zamfara, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun da garuruwa irin su Dosara, yana da tsarin da kowa ya sani. Akwai tuwon shinkafa da miyar taushe, akwai masa, akwai shinkafa da miyar dage-dage. Kaji ko zabi su ne naman ƙaramar salla, rago kuma na babba. Bayan an sauko daga idi, 'ya'yan da suka yi aure da ƙanne da surukai sukan aika da nasu kwanon zuwa babban gida, inda dangi ke haɗuwa. Da yake kowace mace tana son ta fita kunya, kusan duk abu ɗaya suke dafawa. Kafin azahar sai a tarar da kwano biyar ko shida na shinkafa a ɗakin uwargida, ga maiƙo ga nama, amma babu abin da zai wanke baki.

Abin da ake rasawa a irin wannan rana yana nan cikin girkin yankin tun kaka da kakanni: datun ganye, hoce, dambu, gauda, tubani da makamantansu. Ba a cika kai su gidan salla ba saboda sunan da suka yi. Yawancinsu abincin bazara ne da na tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, don haka ake yi musu kallon cimar talaka, mai aikawa da su kuwa tana tsoron a ce rowa ta yi. Wannan tsoro bai da tushe sosai. A gidan da aka wuni ana cin soyayyen nama, kwanon ganye mai ɗan tsami shi ke fara ƙarewa, kuma tsofaffi, waɗanda haƙori da ciki ba su barinsu su sake da nama, su suka fi yi masa maraba.

Na farko a cikinsu shi ne datu, wanda a Kano da Zariya aka fi sani da kwaɗo. Ginshiƙinsa ƙuli-ƙuli ne da aka daka ya yi laushi, aka haɗa da gishiri da yaji, sannan a zuba kan dafaffen ganye tare da albasa da tumatir da tarugu da ɗan man gyaɗa. Sauƙinsa kan yaudari mai yi. Ganyen da ba a matse ruwansa sosai ba yana sa datu ya cakuɗe ya yi laɓo-laɓo cikin awa guda, ƙuli-ƙulin da ya yi yawa kuma yana danne ɗanɗanon ganyen har ba a gane ko na mene ne. Gwanaye sukan dama rabin ƙulin da ɗan ruwa su cuɗa ganyen da shi, sauran rabin su barbaɗa a bushe gab da ci.

Kowane ganye da halinsa. Zogale shi ne wanda aka fi sani, ana samunsa ɗanye ko busasshe duk shekara, kuma yana da sinadarin ƙarfe da na ƙarin ƙarfin ƙashi da bitamin A. Rama tana da tsami, shi ya sa ta fi kowane ganye dacewa da ranar nama. Akan tafasa ta a zubar da ruwan farko idan tsamin ya yi yawa, amma wanda ya wanke ta har ta salance ya ɓata aikin, domin tsamin ake nema. Tafasa, wadda ke tsirowa da kanta a bakin gonaki da kangaye da zarar ruwa ya sauka, tana da daɗi ne tana ƙarama, kafin ta yi fure. In ta tsufa sai ta yi kauri da wari. Yaɗiya da gasaya masu ɗaci ne, suna bukatar doguwar dahuwa da sauya ruwa, kuma manya suka fi son su. Akwai ɗinkin, sabon tohon ganyen ɗinya, wanda ke yin duhu idan ya dahu, kuma samunsa na ɗan lokaci ne. A cikinsu, lansir shi kaɗai ba a dafawa. Wanke shi ake yi a yanka, yana da ɗan yaji-yaji na kansa, kuma ba ya jure jira bayan an haɗa shi.

Wanne za a zaɓa, wannan lokacin da sallar ta faɗo ne ke yanke hukunci. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, saboda haka salla tana ja da baya kowace shekara, tana zagaye damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka. A 2015 an yi babbar salla a Nijeriya ranar 24 ga Satumba, lokacin da rama da yakuwa suka cika gonaki, sabuwar gyaɗa kuma tana shirin shigowa. A 2025 ta faɗo ranar 6 ga Yuni, farkon damina, lokacin da ganyen daji bai gama fitowa ba, ƙaramar salla kuwa ta zo ranar 30 ga Maris, cikin tsananin zafi. Matar da ta tuna datun tafasar da aka yi a gidansu da salla tana yarinya, ta nemi maimaita shi a watan Maris, sai dai ta koma ga busasshiya. Busasshen ganye ba laifi ba ne idan a inuwa aka shanya shi, aka jiƙa shi kafin dahuwa, aka kuma rairaye shi da kyau, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta zubar da mutuncin kwano.

Mutanen wannan yanki suna da wata dama da wurare da yawa ba su da ita. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, tana ba gonakin rani ruwa a ƙananan hukumomin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Ban da shinkafa, ana samun albasa, tumatir, tattasai, dankali, rogo da kayan lambu a watannin da ƙasar tudu ta bushe ƙayau. Don haka ko sallar rani ce, kasuwar Talata Mafara, wadda ke ci ranar Talata, ba ta rasa ɗanyen abin da za a yi datu da shi. Datun kabeji da latas da karas ya samu shiga ta nan, kuma ya fi salak ɗin da ake kwaɓawa da mayonis jure zafi, tun da babu ƙwai a cikinsa. Dafaffen rogo ko dankali da aka yayyanka aka barbaɗa wa ƙuli da yaji shi ma yana cikin wannan dangi, yara kuma ba su bari ya kwana.

Hoce shi ne abin da Zamfara da Sakkwato suka yi suna da shi. Garin dawa ake kwaɓawa da kauri, a fasalta shi faifai-faifai a tafin hannu, a gasa a tukunya mai zafi ba tare da an soya shi cikin mai ba. Wasu gidajen sukan bar ƙullin ya ɗan yi tsami tukuna. Da yake gasasshe ne kuma ba shi da ruwa sosai, yana yin kwanaki bai lalace ba, abin da ya sa ya daɗe yana zama guzurin matafiya. Ana cin sa da miya, amma a taron dangi ya fi armashi idan aka marmasa shi aka yi datunsa da ƙuli-ƙuli da albasa da mai, a ƙara zogale ko rama idan ana so. Ga 'yan uwan da suka zo salla daga Gusau ko Kaduna ko Abuja, waɗanda shinkafa ba baƙuwarsu ba ce, hoce ne abin da ba su samu a inda suke zaune, kuma sau da yawa shi suke roƙo a ƙulla musu idan za su koma. Ɗan uwansa shi ne datun ƙanzo: ƙanzon tuwo ko na shinkafa da aka shanya, a jiƙa shi ya yi taushi, a tsane, a haɗa kamar sauran. Shi dai a gidan iyaye ake kai shi, ko gidan 'yar uwa shaƙiƙiya. Amaryar bana ba ta fara aika wa surukai da ƙanzo ba.

Dambu ya fi waɗannan cin lokaci. Ana turara tsakin masara ko na shinkafa a madambaci, a sauke, a cuɗa shi da zogale da albasa da tarugu da dakakkiyar gyaɗa, a mayar a sake turarawa har ƙamshin ganyen ya tashi. Man da aka soya da albasa ake zubawa a kai. Dambun da ya yi kyau yana warwarewa a hannu, wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa dunƙulewa yake yi. A Jamhuriyar Nijar, daga Maraɗi har Dosso da Yamai, dambu da zogale abinci ne da ake fitarwa a gaban baƙo ba tare da jin nauyi ba, Zabarmawa kuma suna da nasu haɗin zogale da gyaɗa da suke kira kopto. Abin da ake ɓoyewa a wannan gefen iyaka shi ake tallatawa a wancan.

Daga wake ake samun rukuni na gaba. Gauda garin wake ne da ɗan ruwan kanwa, a kwaɓa, a naɗe a ganyen kalgo, a dafa. Ganyen yana ba ta wani ƙamshi da leda ba ta bayarwa. Tubani kusan haka yake, sai dai akan haɗa waken da masara, a naɗe a ganyen masara. Dukansu da mai da yaji ake ci, kuma tun da a naɗe suke zuwa, kowa ɗaukar nasa yake yi, ba a bukatar cokali ko rabon faranti. Kanwa ce wurin kuskure: kaɗan tana sa su laushi, da yawa kuma tana kawo ɗaci da ɓacin ciki. Ana samun tubani har arewacin Gana, inda ake sayar da shi a Tamale da unguwannin zango. Wasa-wasa, wanda ake murza garin wake ya zama ƙanana-ƙanana a turara, ya fi su wahala, masu iya shi kuma suna raguwa. Ɗanwake kam a bar shi gida, domin da zafinsa ake cin sa, in ya huce ya tashi daga aiki.

Kifi ma yana da gurbi, musamman a babbar salla. A ƙasar Sakkwato akan yi tarenin layya, a tsire raguna a jikin itace kewaye da wuta, gidaje kuma su shiga suya ta kwana biyu ko uku. Zuwa rana ta uku nama ya gundiri kowa. Bandar tarwaɗa daga tafkin Bakolori, a cire ƙaya, a daka da albasa da tarugu da citta, a soya sama-sama ya zama dambun kifi, tana tafiya da masa da hoce da dambun tsaki duka. Kayan zaƙi irin su nakiya da alkaki da dakuwa an fi saninsu a garar aure, amma suna da amfanin da sauran ba su da shi: ana yin su mako guda kafin salla, kuma su ake ba yaran da ke shigowa yawon barka da salla.

Ɗaukar abincin zuwa wani gari yana da nasa ƙa'idodi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi a wannan yanki yakan kai maki 40 har ya wuce, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Datun da aka riga aka cakuɗa da tumatir da albasa, aka rufe a leda cikin mota, yana iya yin yami kafin a isa. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki ganye daban a matse, garin ƙuli daban, mai a kwalba, albasa da tumatir ba a yanka ba, a haɗa a can. Ganyen da za a ci ɗanye, kamar lansir da latas, yana bukatar wanki sau da yawa da ruwa mai tsabta, tun da da ruwan kwata ko na rafi aka yi masa ban ruwa. Ƙuli-ƙulin ma a duba shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar afalatokzin, wadda ke cutar da hanta kuma suya ba ta kashe ta, don haka ƙulin da ke ɗaci ko warin ruma na zubarwa ne. Matsalar tsaro da ta addabi hanyoyin karkarar Zamfara a shekarun nan ta kuma sa tafiya ta koma ta rana tsaka, wato lokacin da zafi ya fi tsanani, abin da ya ƙara wa hoce da gauda da nakiya daraja a kan abinci mai ruwa.

Kafin a ɗora tukunya, ana tambayar uwargidan babban gida abin da za ta girka da abin da sauran suka ce za su kawo, domin ita ke da rabon abinci ranar, kuma kwanon da ya zo ba da saninta ba yakan tsaya a bayan ƙofa har yamma. Irin wannan abinci ƙari ne a kan tuwon salla, ba ya maye gurbinsa, saboda haka mai aikawa gidan surukai takan haɗa shi da kwanon masa ko na nama. Yaji a kawo shi daban saboda tsofaffi da yara da masu gyambon ciki, a kuma faɗa idan akwai gyaɗa a ciki, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta. Yawansa matsakaici ya isa, kwano ɗaya na maza a zaure, ɗaya na mata a cikin gida. Yaron da ya kai yana da tukuicinsa, kwanon kuma akan wanke shi a sa ɗan nama ko goro a ciki kafin a mayar wa mai shi.